Bakandamiyar Narambaɗa a Bakin Gulbin Rima

Bakandamiya waƙa ce ta makaɗa Ibrahim Narambaɗa, wadda ya yi wa ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma a cikin waƙoƙin fada na ƙasar Hausa da wuya a sami wadda ta kai ta suna. Shekara sittin da ɗoriya ke nan da rasuwar mai ita, amma har yau ana jin ta a Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Rima. Abin da ya ɓace shi ne inda aka saba samun ta. A da, wanda ya shiga kasuwar Birnin Kebbi ko ya sauka a tashar motar Argungu, kunnensa ne ke kai shi rumfar mai kaset tun idonsa bai gan ta ba: lasifika rataye a jikin dirka, kaset-kaset jere cikin akwatin katako, kowanne an rubuta sunan makaɗinsa da biro, ƙurar hunturu ta hau su. Yanzu irin waɗannan rumfuna sai ɗaiɗai, in ma akwai. A gurbinsu saurayi ne zaune da kwamfuta a kan ɗan tebur, a miƙa masa waya ya zuba mata waƙa ɗari kafin shayi ya huce. Bakandamiya tana cikinsu, a maƙale tsakanin waƙar fim da karatun wani malami.

Kalmar kanta ta daɗe da fita daga hannun Narambaɗa. A bakin makaɗa da manazarta, bakandamiya ita ce waƙar da mawaƙi ya zuba iyakar basirarsa a cikinta, ya wasa kansa, ya nuna wa abokan sana'a inda ya tsaya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da tasa da kalangu. Har ta kai akan ce wa littafin da ya fi sauran littattafan marubuci armashi bakandamiyarsa. Amma idan aka ambaci sunan tsurarsa, ba a jingina shi ga kowa ba, to a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara ta Narambaɗa ake nufi.

An haifi Ibrahim a ƙauyen Tubali, cikin ƙasar Isa ta wancan zamani. Mahaifinsa Maidangwale asalinsa daga Filinge ne ta ƙasar Nijar, kuma ba makaɗi ba ne. Ta wajen mahaifiya Ibrahim ya gaji kiɗa. Laƙabin da ya danne sunansa na yanka kuwa ya samo shi ne daga wata karya da yake da ita mai suna Rambaɗa, aka dinga ce masa na Rambaɗa har ya bi shi. Da ƙuruciya ya yi kokawa, da ya kama kiɗa kuma da na noma ya fara, irin wanda ake yi a gayya don zuga manoma. Wannan asali bai taɓa barinsa ba. Duk wanda ya ga makaɗin noma yana bin bayan ƙato cikin kuyya, yana kiran sunan ubansa da kakansa har mutumin ya manta da zafin rana, zai gane daga ina zugar da ke cikin waƙoƙin fadar Narambaɗa ta fito. A wurinsa sarki ma gwarzo ne tsaye a fage, abokan karawa suna gefe suna harara.

Ubangidan da ya riƙe shi, Amadu, ya hau sarautar Sarkin Gobir na Isa a 1935, ya zauna a kanta har 1975. Jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, saboda haka mai yabonsa yana da doguwar salsala da zai bi, tun daga Isa har zuwa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Zamanin kuwa na En'e ne. Hakimi shi ke tara haraji da jangali, shi ke da faɗa a ji a ƙasarsa, kuma rawaninsa ba ya rasa masu hanƙoro daga cikin 'yan uwansa na jini. A irin wannan fada aikin makaɗi ya wuce sa nishaɗi. Shi ke riƙe tarihin gida a ka, shi ke tuna wa jama'a cewa mai wannan rawani ya gaje shi ne ba tsinta ya yi ba, shi ke kuma jefa wa 'yan hamayya zambo da habaicin da girma ya hana sarki furtawa da bakinsa. Shi kuma sarki ya ɗauki nauyin makaɗin da iyalinsa: doki da sirdi, riga da rawani, damman gero bayan kaka.

Kayan kiɗan Narambaɗa kotso ne. Ganga ce ƙarama mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufe mata da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa da yatsu ba da sanda ba, ana matsa tsarkiya ana saki domin muryarta ta hau ko ta sauka. A tsakiyar fatar akan manna ɗan danƙo da ake kira nake, shi ke ba ta zurfin amo. Da damina fata takan saki, sai an shanya ta a hantsi ko an kara ta kusa da wuta kafin ta dawo da magana. Kotso kiɗan sarauta ne, kamar taushi, a al'adance ba a kaɗa wa talaka shi. Kuma ba kiɗan mutum ɗaya ba ne. Jagora yana gaba, yaransa suna baya riƙe da kotsuna, su ne makaɗa su ne 'yan amshi, ga kuma sanƙira a gefe yana cusa kirari a duk inda ya ga ƙofa, yana shelanta kyautar da aka yi da sunan wanda ya yi ta.

Ba da alƙalami aka yi Bakandamiya ba. Hanyar da makaɗan fada ke bi sananniya ce, kuma ita ce ta haife ta. Jagora yakan fara samo gindin waƙa, wato ɗan gajeren zance mai ɗauke da kirarin ubangida, wanda za a yi ta komawa kansa. Sai ya tara yaransa a zaure, galibi da dare bayan gari ya yi shiru, a yi ta jujjuya wannan gindi a kan kotso har kiɗa da magana su zauna da juna, ta yadda ko an yi shiru gangar kaɗai za ta faɗi zancen. Daga nan ake ɗora ɗiya, wato baitocin da ke bin gindin. Wasu a gida ake ƙulla su a haddace, wasu kuwa sai an je gaban sarki, jagora ya ɗaga ido ya ga wa ke zaune wa ba ya nan, sannan su faɗo masa. Wanda ya yi kyautar bajinta ya sami ɗa a cikin waƙa, wanda aka tuɓe ko ya yi rowa a cire shi, ko a bar shi ciki ta fuskar da ba zai so ba. Ta haka waƙa ɗaya takan yi shekaru tana girma, kuma yadda aka rera ta a hawan ƙaramar Salla ba lalle ba ne ta zo daidai da ta babbar Salla.

A wajen amshi ne gwanintar gidan Narambaɗa ta fi fitowa fili. A kiɗan jama'a da yawa aikin 'yan amshi bai wuce maimaita gindi ba. A nan kuwa jagora kan ɗauko zance ya kai shi rabi ya sake, yara su cafe a iska su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a haɗu a gangara gindi tare. Mai sauraro ba ya jin inda aka yi ɗinkin. Irin wannan karɓeɓeniya ba ta samuwa sai ga mutanen da suka shekara da shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna bin doki ɗaya a ƙasa, har kowa ya san inda numfashin ɗan uwansa ke ƙarewa. Kiɗan kuma ba na rawa ba ne. Na zama ne a kasa kunne.

Zare uku aka tufka a waƙar. Akwai yabon Amadu da asalinsa da kwarjininsa. Akwai zambo ga masu ja da shi, waɗanda ba a kama sunansu, sai dai a siffanta su yadda duk wanda ke fadar zai gane. Sai na uku, wanda shi ya mai da ita Bakandamiya, wato inda makaɗin ya juyo ya yi magana a kan kansa da sana'arsa. Ya bayyana yadda azanci ke zo masa, ya ɗaga kansa bisa sauran mawaƙa, har ya kai ga jera waƙarsa kusa da ta Alfazazi. Wanda bai san ƙasar ba ba zai ji nauyin wannan ba. Alfazazi malamin Andalus ne da ya rasu a 1230, shi ne mai Ishiriniya, waƙar yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wadda ake karantawa a zaurukan malamai da dararen watan Mauludi, yara su tashi da karinta a kunne tun ba su san ma'anarta ba. A ƙasar da jihadi ya kafa, inda malamai suka yi rubuce-rubuce suna sukar kiɗan banza, inda ake lissafa maroƙi a ƙasan jerin masu sana'a, makaɗi ya tsaya gaban jikan Bello ya auna aikinsa da ma'aunin malamai. Abin da yake faɗa shi ne ƙulla waƙa ilimi ne, kuma baiwa ce daga Allah kamar kowace baiwa. Wannan da'awa ita ce zuciyar waƙar, kuma shekarun da suka biyo baya sun ba shi gaskiya.

A daidai lokacin da Narambaɗa ke ƙarshen rayuwarsa, irin wannan ja-in-ja tsakanin waƙar ibada da waƙar duniya ta haifar da wani salo a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, wanda suka kira sol, wato kiɗan ruhi. Mawaƙansa a coci suka tashi, inda mai ja ke bayarwa jama'a na amsawa, suka ɗauko wannan amshi da wannan murya ta mai ƙanƙan da kai suka kai su cikin waƙar so da ta kukan zaman duniya. Ɗaya daga cikinsu, Sam Cooke, ya yi kusan shekara shida yana jan wata ƙungiyar waƙoƙin coci mai suna Soul Stirrers, kuma da zai fitar da waƙarsa ta duniya ta farko a 1957 sai da ya sauya suna, don gudun fushin masu ibada. A watan Oktoba na 1963 aka hana shi masauki a garin Shreveport saboda launin fatarsa. A ƙarshen Janairun 1964 ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya rera wata waƙa tasa mai sanyi ta fatan sauyi. A ranar 11 ga Disamba na shekarar aka harbe shi ya mutu, kwana 11 bayan haka waƙar ta fito a ƙaramin faifai, ta zama ɗaya daga cikin taken masu neman 'yancin baƙar fata. Kamar da ke tsakanin waƙoƙin biyu a fili take: amshi, da murya mai fitowa daga ƙirji, da jingina da waƙar addini. Bambancin kuwa ya fi koyarwa. Ta Cooke don na'ura aka yi ta, minti uku da 'yan kai, an san ranar da aka ɗauke ta, kuma abin da ke kan faifan shi ne waƙar. Bakandamiya a gaban mutane aka haife ta, na'ura a hanya ta tarar da ita, ta kama yadda take a rana ɗaya.

An ɗauki muryar Narambaɗa a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu a farkon shekarun 1960. A 1962 gidan rediyon Jihar Arewa ya fara aiki a Kaduna, a 1963 kuma kamfanin Philips ya fito da kaset a Turai, wanda ya cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa rediyo mai kaset ta shiga gidan malamin makaranta da na ɗan tireda. Ke nan akasarin masoyan Bakandamiya ba su taɓa sa Narambaɗa a ido ba. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, su kuwa bakin na'ura suka sani. Kaset ɗin ma kwafi ne daga kwafi. Kowane juyi yana cin wani abu: shuu ɗin zare ya ƙaru, amon kotso ya dusashe, wani lokaci a tarar an yanke farkon waƙa ko an cusa wata a ƙarshe don cika gefen kaset.

Ruwan da ke bi ta ƙasar Isa da Sabon Birni da Goronyo shi ne ke gangarowa ya wuce Sakkwato, ya ratsa fadamar Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Waƙar ta bi wannan hanya, kuma isowarta Argungu yana da ma'anar da ta wuce nisan tafiya. Kabawa sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. A Argungu suka kafa sabuwar hedikwatarsu bayan Birnin Kebbi ta fita hannunsu, kuma tsohuwar fadar da ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958 tana cike da kayan wancan zamani. Ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda daga gare ta bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu, ita ce alamar sulhu a fili. Bayan shekara arba'in da wannan, jikokin mayaƙan Kabi suna zaune a ƙofar gida suna kaɗa kai ga waƙar da ke wasa jikan Bello. Ba don sun rasa nasu ba ne: Aliyu Ɗandawo ya yi wa fadar Argungu waƙa kafin ya koma Yawuri, ɗansa Sani ya ɗora daga inda ya tsaya. Kunnen da waɗannan suka horar shi ne ya karɓi Narambaɗa, domin mutumin da ya san gindi da ɗa da zambo ba ya tambayar wace fada aka yi wa waƙa kafin ya san ta yi.

Yadda ake sauraron ta a zamanin kaset ya cancanci a tsaya a kai. Bayan sallar isha'i akan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fito da rediyo cikin rigar da tela ya ɗinka mata, da ɗan aljihu na ajiye kaset. Batir ɗin tun da rana aka shanya su a kan katanga don su ƙara kwana. A Argungu sau da yawa akwai mai gyaran homa a gefe, ga ƙanshin bandar kifi, ga sauron fadama da ake kora da hayaƙi. In zare ya sarƙe sai a zaro shi a hankali, a sa biro a rami a naɗe, in ya tsinke a liƙa. Kuma ba a barin waƙa ta tafi haka nan. Wani dattijo zai ɗaga hannu a danna ta tsaya, ya ce wa yara, kun san wa ake nufi a nan? Sai ya kawo sunan ɗan sarkin da aka yi wa zambon, da abin da ya haɗa shi da mai rawani, wani dattijon ya ce a'a, ba shi ba ne, ƙanensa ne. A yi musu, a mayar da kaset baya, a sake ji. Waƙar minti goma sha takan cinye dare. A irin wannan majalisa samari ke koyon tarihin gidajen sarauta, da ma'anar kalmomin doki da na yaƙi, da kuma yadda ake faɗin magana mai zafi ba tare da an kama suna ba. Mata kuwa daga bayan danga suke tsintar abin da iska ta kawo.

Yayin da waƙar ke yaɗuwa, fadar da ta haife ta tana raguwa. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e. Hakimin da albashi ke riƙe da shi ba zai iya ɗaukar makaɗi da yara goma da iyalansu ba. Makaɗan da suka biyo baya sai suka faɗaɗa: Musa Ɗanƙwairo, shi ma mai kotso, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa sarakuna da yawa da 'yan siyasa da attajirai. A wannan shekarar ce aka ƙirƙiro jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama babban birni, masu kyautar mota suka koma gidan gwamnati da majalisa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma fiyano ya shigo ta hanyar finafinan Kano. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yana iya fitar da amon ganga da algaita da sarewa, ya ɗauki muryar mawaƙi, ya sake ɗaukar ta a matsayin amshi. Aikin da yara goma ke koya a shekara goma ya koma aikin yini ɗaya.

Ba daidai ba ne a kira wannan duka asara. Tsohon tsarin yana da nasa ƙunci. Makaɗin fada ba shi da bakin kansa, abin da ubangida ke so shi zai faɗa, kuma zambonsa ya zubar da mutuncin mutanen da laifinsu kawai sun nemi gadon gidansu. Ɗan makaɗi ba ya zaɓar sana'a, kuma akwai gidajen da ba za su ba shi aure ba ko da ubansa ya cika duniya da suna. Waƙar kanta a da sai wanda ya sami shiga ƙofar fada ke jin ta yadda ya kamata. Yau manomin shinkafa a fadamar Argungu yana jin ta a waya yana ban ruwa, matar aure tana jin ta a ɗakinta ba sai ta laɓe ba, ɗalibin Kabi da ke karatu a Masar ko Malesiya yana samun ta a YouTube cikin daƙiƙa. Kaset zafi na narkar da shi, gara na cin kwalinsa, ambaliyar gulbi na tafiya da shi. Abin da ya watsu a dubban wayoyi kuwa ya fi ƙarfin gobara ɗaya. Akwai dai rashin adalcin da sauyin bai taɓa ba. Sam Cooke ya kafa kamfaninsa na faifai da na haƙƙin waƙa tun yana raye. A nan kuwa mai kaset ya yi ta juya muryar makaɗan fada yana sayarwa, mai kwamfuta ya gaje shi, kuma a cikin cinikin biyu babu kason da aka ware wa magadan masu waƙa.

Asarar da ta fi girma ta kunne ce. Narambaɗa da Hausar yamma ya yi waƙa, inda fada ke zama hwada, tafi ke zama tahi, wanda ya zo ke zama wanda yaz zo. Mutumin Argungu ko Birnin Kebbi yana da sa'a a nan, domin harshen gidansu ne, amma shi ma yaron da ya tashi da Hausar fim da ta rediyo yana tuntuɓe da kalmomin shamaki da barga da kayan yaƙi, abubuwan da bai taɓa gani ba. Sunayen da ke cikin waƙar sun zama sauti kawai, tunda dattawan da ke ɗaga hannu a tsayar da kaset suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin toshe kunne ba ya barin wurin musu. Abin da ya fi yawo a TikTok da WhatsApp guntaye ne, ɗa ɗaya ko biyu da aka yanko aka ɗora a kan hoton wani basarake ko ɗan takara, an raba su da gindinsu. Masu sassaƙa kotso da masu iya ɗaure shi sun yi ƙaranci. Ga kuma abin da ya fi waɗannan ciwo: ƙasar Isa da Shinkafi da Sabon Birni, inda aka ƙulla waƙar, tana cikin yankunan da 'yan bindiga suka fi addaba a shekarun nan, har ƙauyuka da dama sun watse, tare da tsofaffin da suka ga Narambaɗa da idonsu.

Wani ɓangare na aikin majalisar dare ya koma makaranta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗan Hausa, ya kuma tsara hanyar nazarin waƙar baka da ake koyarwa a jami'o'i. Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza, ɗan jihar Kebbi da ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. Ɗaliban Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, irin ta Adamu Augie da ke Argungu, suna rubuta kundi a kan salonsa da hikimarsa, kuma makaɗin da ya auna kansa da Alfazazi ya zama abin da ake yi wa sharhi kamar yadda ake yi wa littafin malamai. Rubutun ya ceto kalmomi da yawa daga ɓacewa. Yana kuma da iyakarsa, domin daga tsohon kaset aka kwafo shi, inda kunnuwa biyu kan ji kalma ɗaya daban, kuma takarda ba ta nuna inda jagora ya saki zance yara suka cafe. Akwai ɗalibin da zai kawo ɗiyan Bakandamiya a jarrabawa ba kuskure, alhali bai taɓa tsayawa kusa da kotso ana kaɗa shi ba.

Kiɗan fada dai bai mutu ba a wannan yanki. Ana jin sa a hawan Salla a fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi da ta Sarkin Kabi a Argungu, da wajen naɗin sarauta, da kuma lokacin bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan ya yi kusan shekara goma a kwance. Makaɗan da ke fitowa a irin waɗannan ranaku ba su kai na da yawa ba, kuma mafi yawansu suna da wata sana'ar da ke ciyar da su, noma ko su ko kasuwanci. Amma tsarin da suke bi shi ne na zauren Tubali: a kafa gindi, a ɗora ɗiya, jagora ya saki yara su karɓa, sanƙira ya shelanta kyauta. Da yawansu daga tsofaffin kaset ɗin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗandawo suka ɗauki karin muryarsu, wasu kuma daga waya. A gabansu jama'a ke tsayawa da wayoyi a ɗage suna ɗauka, kafin magariba waƙar ta isa Legas da Yamai.